Ranar da Aka Miƙa Mini Kulki a Jidda

Tun da na dawo Gumel mutanen majalisarmu ta gindin darbejiya suka hana ni sakat. Wannan ya ce, “Alhaji, yaya Jidda?” Wancan ya ce, “Wai da gaske kai ne a hoton nan, da hular kwano da ɗamammen wando?” Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya tafi ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na sayi littafi mai layi, na ce bari in rubuta da hannuna. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, ranar da mahaifina ya ga keken ɗinki ya fi bencin makaranta amfani, don haka wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa. Kuma bari in faɗa tun da wuri kafin wani ya riga ni: wawa ɗaya ne a labarin nan, kuma ni ne. Hoton ma ba ƙarya ba ne.

'Yata Rabi ce ke aure a can. Mijinta Nasiru injiniya ne a wani kamfani da ke tace ruwan teku ya zama na sha. Su suka aiko mana da tikiti, ni da Hajiya, mu yi umra mu kuma huta wata guda a wajensu.

Wahala tun daga tsakar gida ta fara. Ni jaka ɗaya na haɗa. Hajiya kuwa ta haɗa kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da man shanu da daddawa, kai ka ce yunwa ake yi a Jidda. Direban da ya ɗauke mu zuwa Kano sau biyu yana tsayawa kafin Gujungu, yana buɗe bayan mota yana neman abin da ya mutu. A filin jirgi aka ɗora kaya a sikeli, aka ce sun yi nauyi, sai an rage. Na ce a cire daddawa. Hajiya ta dube ni, irin duban da ba ya buƙatar tafinta. Ƙarshenta rigunana aka fitar daga jaka. Na zura manyan riguna uku a kan wadda ke jikina, na hau jirgi ina tafiya kamar buhun auduga.

Ban tuna da harami ba sai da muka yi nisa a sama, aka yi sanarwa cewa mun kusa miƙati, masu umra su shirya. Jama'a, bayin jirgi ba a yi shi don mai riguna huɗu ba. Na shiga na rufe na fara tuɓewa. Gwiwar hannu ta bugi madubi, ƙeya ta bugi rufi, hannun riga ɗaya ya faɗa inda bai kamata ba. Ana ƙwanƙwasawa ina cewa, “Da mutum!” Da na fito cikin zannuwana biyu da damin riguna a hammata, layi ya kai tsakiyar jirgi. Wani Bazazzagi ya ce, “Baba, ɗinki ka tsaya yi a ciki?” Na ce, “Da ɗinki ne ai da tuni na gama.”

A Jidda aka zo wajen dangwala yatsa a na'ura. Na ɗora babban yatsa, na'ura ta ce ba ta ga kowa ba. Na ɗora manuni, haka. Shekara hamsin allura da zare suna cin yatsun nan, zanen ya shafe kamar na tsohon kwabo. Jami'in mai haƙuri ne, ya nuna mini in goga yatsu a goshi su sami maiƙo. Na goga har goshi ya yi zafi. A ƙarshe ɗan ƙaramin yatsan hagu, wanda tun da nake bai taɓa yi mini aikin komai ba, shi na'ura ta gane, shi ya shigar da ni ƙasar. Tun ranar nake ganin girmansa. Jakar Hajiya kuwa mai duba kaya ya buɗe, ya leƙa, ya ja da baya, ya rufe da sauri yana cewa, “Halas, halas, yalla!” Daddawa ta wuce ba a tambaye ta takarda ba.

Wanda ya rako Nasiru ɗaukar mu shi ne Malam Sale, direban bas ɗin kamfaninsu, mutumin Azare, gemu ya yi fari, ya kusa sittin. Shi ya kai mu Makka, shi ya dawo da mu. Zancen umra ba zan tsawaita ba, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Duk da na taɓa zuwa tun gashina yana baƙi, da na ga Ka'aba sai da hawaye ya zubo. Hajiya ta gani ba ta gaya wa kowa ba, wannan kam na yaba mata.

Gidansu Rabi a unguwar Safa yake, hawa na biyar. Gida mai kyau, sanyi kamar cikin randa. Amma ba zaure, ba dakali, ba mai wucewa ka ce masa sannu. Ka haɗu da maƙwabci a cikin akwatin nan mai hawa da mutane sama, ka yi sallama, ya amsa da kyau, ya koma kan wayarsa. Ba ina kwana, ba ina gajiya. Rannan na tattaro ɗan Larabcina na makarantar allo na tambayi wani yaya uwargidansa. Nasiru ya yi tari sau uku. Da muka fito ya ce da ni cikin ladabi, a nan ba a tambayar mutum matarsa. Haka gaisuwa ta yi ta taruwa mini a ciki, ba inda zan sauke ta.

Abinci ba laifi. Da safe gurasa ce faɗin faifai, suna ce mata tamis, da dakakken wake da man zaitun. Da rana shinkafa da naman rago a tire ɗaya, nama yana zamewa daga ƙashi, daidai da yawan haƙoran da suka rage mini. Gahawarsu ce ta ba ni kunya. A gidan wani abokin aikin Nasiru aka miƙo mini kofi da bai fi murfin kwalba ba. Na shanye na miƙa, aka sake cikawa. Na shanye don kada a ce na raina. Ashe sai ka girgiza kofin ake gane ka ƙoshi. Goma sha ɗaya na sha. Ranar zuciyata wuni ta yi tana gudu kamar keken ɗinki na lantarki.

To ga abin da kuke jira. Surukina mutum ne mai hankali, amma yana da ciwo ɗaya, sunansa besbol. A Amurka ya ɗauko shi lokacin karatu. Kullum muka dawo sallar asuba sai ya kunna talabijin, don lokacin ne suke wasa a can. Na riƙa zama kusa da shi don kada ya ji kaɗaici. Bayan kwana uku na zama malamin abin.

Ga yadda yake. Mutum ɗaya yana jifa da ƙwallo mai girman lemo. Wani yana tsaye da kulki yana jira ya maka mata. A bayan mai kulki wani yana tsugune da ragar ƙarfe a fuska, yana cafe abin da ya wuce. In ka buge ta, sai ka ruga ka zagaya tasha uku ka dawo gida, ci ɗaya ke nan. Ka kuskure sau uku, ka fita. In kuma mai jifa ne ya karkace sau huɗu, sai ka taka zuwa tashar farko a hankali, ba gudu ba gumi. Shi ke nan. Sauran duk tofar da yawu ne da gyaran hula. Ƙwallon kanta na yaba mata: fata biyu, jan zare, ɗinkin hannu, ba inda ya kauce. Wanda ya ɗinka ta tela ne na gaske. Wanda ya yanka wandunansu ne ban yafe wa ba.

Wata safiya na tarar da Nasiru ya yi tagumi. Ƙungiyar da yake so ta ba da wani tsohon ɗan wasanta da ya daɗe yana yi mata bauta, ta karɓi samari uku da ko gemu ba su tsiro ba. Na ce, “Mutum ɗaya a bakin uku? Ai wannan a kasuwar dabbobi ake yi.”

Ya ce, “Baba, lissafi ne. Lambobinsa sun yi ƙasa.”

Ya buɗe kwamfuta ya nuna mini. Mutanen nan ba abin da ba sa ƙirgawa. Sau nawa ka buga, sau nawa ka kuskure, da rana ne ko da dare, a gida ko a baƙunta, mai jifa bahago ne ko ba bahago ba, har saurin da ƙwallo ta bar kulki. Na ce, “To ina layin da ake rubuta cewa mutumin kirki ne?” Ya yi murmushi ya sunkuyar da kai. Surukin arziki ba ya yi maka gardama, sai dai ya bar ka da wautarka.

Sai kuma sababbin dokoki. An faɗaɗa tashoshin, wai don kada a riƙa taka juna. Wannan na sa hannu, ni ma ƙafata babba ce. An ce mai jifa ya daina riƙe kulki, wani ne zai buga a madadinsa. Na ce lalaci ne, wanda ya wuni yana jifan mutane ya kamata shi ma ya tsaya a jefe shi. Amma wadda ta fi ɓata mini rai ita ce dokar agogo. Da can, in ji Nasiru, mai kulki yakan gyara safa, ya share ƙasa da ƙafa, ya yi tunanin duniya, sannan ya tsaya. Yanzu an kafa agogo. In 'yan sakan suka wuce ba ka tsaya ka fuskanci mai jifa ba, alƙali ya rubuta maka kuskure ɗaya, ko da ba a jefo komai ba. Na ce, “Zalunci ne. A hukunta mutum a kan ƙwallon da ba ta zo ba? Kai, wane sakarai ne ma zai bari haka ta same shi?”

Ashe ciwon bai tsaya a talabijin ba. Nasiru yana da ƙungiya ta ma'aikata da abokansu, shi ne kyaftin: 'yan Najeriya, 'yan Sudan, 'yan Filifin, da wani Ba'indiye guda. Kowace Juma'a bayan la'asar suna karawa da wasu a wani fili a bayan gari. Su ma sun kwaikwayi dokar agogo, don magariba ba ta jiran mai gyaran safa. Malam Sale yana ciki. Da shi aka kafa ta.

Ran wata Laraba Malam Sale ya ce zai kai ni in ci abincin mutane. Muka tafi Waziriyya, inda gidaje suka tsufa, ƙananan shaguna suka jeru. A wani ɗaki wata Hajiya 'yar Maraɗi tana sayar da tuwo da miyar kuka. Na ci har na yi gumi. Shi kuwa loma ɗaya yake ta juyawa.

Na ce, “Malam Sale, tuwon nan bai yi maka laifi ba.”

Ya ce, “Alhaji, Injiniya zai cire ni. Ya samo wani ɗan Sudan, Mu'utasim, direban wani gida, yana bugu kamar aradu. Jibi shi zai tsaya a gurbina, ni a rubuta ni a benci. In an tashi wasan kuma za a fitar da sunayen baɗi. Na san ba na ciki.”

“To sai me? Wasa ne fa.”

Ya ajiye lomar. Sannan ya ce, “Shekara goma sha huɗu ina ƙasar nan. Iyalina suna Azare. Kwana shida a mako sunana direba zo, direba tsaya. Ranar Juma'a kaɗai ake kiran Sale, har a tafa mini.”

Nan dattijantaka ta motsa mini. Na ba shi shawara irin ta manya, wato irin wadda ke rusa gida. Na ce, “Kada ka yarda a rubuta ka a benci. Ka ce ko gurbinka ko babu. Ka yi yaji. In suka waiwaya ba su gan ka ba za su san ko kai wane ne.”

Ya ce, “Anya, Alhaji?”

Na ce, “'Ya'ya mata bakwai na aurar. Ba wanda zai koya mini yadda ake yaji.”

Ya bi maganata. Washegari na tare Nasiru a falo. Ya sake buɗe kwamfutar nan. “Baba, ku duba. A fita goma sau ɗaya yake bugawa, in an yi sa'a biyu. Gudu kuma gwiwa ta hana.” Na ce, “Tsufa ba ciwo ba ne. Ni nan da ka gan ni, da sanda ɗaya nake kakkaɓo goruba uku.” Ya ce, “Haka ne, Baba.” Tun da Malam Sale ya ƙi benci, layi ɗaya ya rage ba kowa a takardar sunaye. Don girmamawa, kuma don in sami inuwar rumfar 'yan wasa, Nasiru ya rubuta sunana a wurin. Ya ba ni riga da wando. Wandon na wuni ina sakin ɗinkinsa, duk da haka kun ga abin da kuka gani.

Ranar Juma'a Malam Sale ya tuƙa mu zuwa filin, ya ajiye bas, ya koma bayan shinge ya tsaya cikin jallabiyarsa, hannu a ƙirji. Yaji ya kankama. Hajiya da Rabi suna kujerun 'yan kallo tare da sauran iyalai. Ni ina rumfa ina ba da umarni, ba mai ji.

Mu'utasim, a faɗi gaskiya, ya iya. Bugunsa na farko sai da aka nemo ƙwallon a bayan katanga. Na saci kallon Malam Sale, na ga ya sunkuyar da kai. Amma ana zagayen ƙarshe wayar Mu'utasim ta yi ƙara. Kafilinsa ne, ubangidan da zamansa a ƙasar ke hannunsa, yana so a ɗauko masa baƙi a filin jirgi yanzu-yanzu. Wannan kira ba a ce masa anjima. Ya cire hula, ya ba da haƙuri, ya ruga.

Ga yadda abu ya tsaya. Abokan karawa sun fi mu da ci ɗaya. Namu biyu sun riga sun fita, in na uku ya fita wasa ya ƙare. Mutanenmu uku suna tsaye a tashoshin nan uku suna jiran mai kulki, kuma layin Mu'utasim ne. 'Yan benci duk an riga an sa su. Nasiru ya ruga wajen alƙali, wani gajeren ɗan Filifin mai auna sakan da waya, ya nuna masa Malam Sale. Alƙali ya duba takarda ya girgiza kai: wanda ba ya ciki ba ya taɓa kulki. Ya sa yatsa a layin ƙarshe, ya karanto sunana ya karya shi gida uku.

Nasiru ya zo ya durƙusa a gabana, gumi yana zuba. Ya ce, “Baba, don Allah ku saurare ni. Kada ku kaɗa kulkin. Kada ku yi komai. Mai jifansu hannunsa ya mutu, tun ɗazu a karkace yake jifa, ga shi ba ku da tsawo, samun daidai a kanku da wuya. Ku tsaya kawai, ku dube shi, ku yi shiru. In ya karkace sau huɗu ku taka tashar farko, kowa ya matsa gaba, na ƙarshe ya shigo gida, mun rama.”

Na ce, “Tsayuwa kawai? Ni da na sha wuni a layin takin zamani?”

Aka kifa mini hular kwano, aka miƙo kulki. Na taka a hankali yadda na ga ana yi a talabijin. Ina isa, mai tsugunon nan na abokan karawa ya ɗaga ragar fuskarsa. Baƙi ne kamar ni, mai faɗin kafaɗa, zai yi arba'in. Ya yi murmushi, ya ce da wata Hausa mai ƙanshin Larabci:

“Ahlan, ya Baba! Sannu da zuwa. Ina gajiya?”

Jama'a, ga mutum tsugune a gabana, yadda ake gai da manya, yana tambayar gajiyata da harshen uwata. In juya masa ƙeya? Na juyo na ce, “Ba gajiya. Kai, ɗan nan, Bahaushe ne kai?”

“Wallahi, Baba. Sunana Fahad, a unguwar Bagdadiyya nan Jidda aka haife ni. Yaya aka baro mutanen gida?”

“Lafiya lau, suna gaishe ka. Yaya aiki? Yaya yara?”

Alƙali ya ɗaga hannu ya yi ihu. Kuskure ɗaya. Na ji, kuma na gane, don ba wanda ya kai ni sanin dokar nan. Na ce a raina, saura biyu, akwai sarari, bari in rufe gaisuwar cikin mutunci. Daga bayan shinge na jiyo Malam Sale yana kururuwa: “Alhaji, kada ka amsa masa! Haka yake yi! Dubi mai jifa!”

Na juya zan dubi mai jifa. Fahad ya ce a hankali, “Baba daga wane gari?”

Wa za a tambaya garinsu ya yi shiru, in ba marar asali ba? Na ce ta gefen baki, “Gumel.”

“Allahu akbar! Gumel? Kakata 'yar Maigatari ce! A ƙafa ta zo ƙasar nan tana yarinya.”

Kulki ya sauka da kansa. “Maigatari? Wace unguwa? 'Yar gidan wa?”

Ihu na biyu. Na hango Nasiru ya ɗora hannu biyu a ka. Mutanenmu uku na tashoshi suna ta nuna mini mai jifa kamar masu korar kaji. Malam Sale ya kama shingen yana jijjigawa. Na ce to, ya isa haka. Na gyara tsayuwa, na ɗaga kulki, na ƙura wa mai jifa ido. Ban ko waiwaya ba na ce da Fahad, “In an tashi ka kai ni in gaishe ta.”

Ya yi ajiyar zuciya. “Ayya, Baba. Allah ya yi mata rasuwa.”

To ku gaya mini, ku da kuke dariya. Mutum ya gaya maka rasuwar kakarsa, 'yar ƙasarku, a baƙon wuri, kai kuma ka ci gaba da ɗaga kulki kamar mai jiran maciji? Na jingine kulkin a cinya, na ɗaga hannu biyu. “Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata, ya haskaka makwancinta.” Yana cewa amin, amin. Ban kai ga shafawa ba alƙali ya yi ihu na uku. Wasa ya tashi. Mai jifa yana tsaye da ƙwallonsa a hannu, ko sau ɗaya bai jefo ba.

Abokan karawa suka yi ta tsalle. Fahad ya miƙe ya rungume ni, ya sumbaci hular kwanon. Na ce, “Yaushe aka yi rashin?”

Ya ce, “Shekara ashirin da biyu ke nan, Baba. Amma har yau muna jin zafi.”

Muka shiga bas. 'Yan Filifin suna kallon taga suna danne dariya, kafaɗunsu suna rawa. Mun yi nisa Nasiru ya matsa kujerar gaba. Ya ce, “Malam Sale, ka san zai yi haka?”

Malam Sale bai ɗauke ido daga titi ba. “Tun kafin a kawo agogo yake wannan sana'ar. Ni da na ce masa Azare, kakar 'yar Misau ce. Wani Basakkwace ya ce shi 'yar Wurno aka ce masa. Ni auduga nake cusawa a kunne in zan shiga. Mai jifan nan kuma in ya taɓa hularsa sau biyu, a karkace za ta zo. Da ni ne da mun rama.”

“Me ya hana ka gaya mini tuntuni?”

“Kwamfutarka ba ta tambaye ni ba, Injiniya.”

Nasiru ya sosa ƙeya. Can ya ce, “Tun da muka fara, Juma'a nawa ka yi fashi?”

“Ban da ta yau, da aka ba ni shawara?”

Na juya ina kallon taga tare da 'yan Filifin.

Nasiru ya ce, “Ban da ta yau.”

“Babu.”

Nasiru ya zaro takardar sunayen baɗi, ya ɗora a gwiwa ya yi rubutu. Da danja ta tsayar da mu ya miƙa masa ya gani. Ya ce, “Gurbinka yana nan. Mu'utasim, ranar da kafilinsa ya bar shi, ya zauna a benci.” Malam Sale ya ce, “Allah ya saka,” ya goge ido da bayan hannu, ya ce ƙurar filin ce.

Kwana biyar bayan nan muka taso. Fahad ya aiko mini da kwalin dabino, wai sadakar kakarsa. Na ci, don dabinon ba shi da laifi.

A mota daga Kano zuwa Gumel na fara shirya yadda zan ba ku labarin. Na ce, “Hajiya, in kin lura, dabara na yi. Da na tsaya na yi shiru aka rama cin nan, da yanzu Malam Sale ba shi da gurbi. Kaina na sadaukar don wani. Abin da za ki gaya wa mata ke nan in sun tambaya.”

Ta gyara mayafi, ko dubana ba ta yi ba. Ta ce, “Alhaji, ai laifin Nasiru ne, ba naka ba. Aikin da ya ba ka shi ne ka tsaya wuri ɗaya ka yi shiru na minti biyu. Da ni ya tambaya, da na gaya masa shekara arba'in da uku nake neman wannan a wajenka ban samu ba.”